Sun kawo yaro allurar farko, me ya hana su dawowa ta uku?

"Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Daura, ni ke riƙe da ɓangaren rigakafi. Mata na kawo jarirai allurar sati 6 da yawa, amma kafin a kai ta sati 14 sun ragu, ta ƙyanda kuwa sai ɗaiɗaiku. Mun yi wayar da kai har mun gaji. Mun tara mata, mun sa an yi shela, liman ma ya yi magana a huɗuba, amma abin bai canza ba. Na ji ana cewa akwai ilimin nazarin halayyar mutane da ake amfani da shi a irin wannan matsala. Mene ne shi, kuma me zan iya yi da shi ni da ba ni da kuɗin aiki?"

Malama, sannu da ƙoƙari. In na fahimce ki, damuwarki ita ce waɗanda suka fara ba su ƙarasa ba, amma maganin da kuke ta bayarwa na masu ƙin rigakafi ne. Matar da ta goyo jariri har asibiti, ta riƙe masa ƙafa aka soka masa allura a gabanta, ta riga ta yarda. Duk taron da za ki yi mata kan amfanin rigakafi, abin da ta sani kike maimaita mata. Abin da ya kamata mu bincika shi ne abin da ya faru tsakanin ranar da ta fita daga ɗakinki da ranar da aka ce ta dawo.

Abin da ilimin yake cewa, a taƙaice

Tushensa shi ne cewa sanin abu da aikata shi ba tafiyarsu ɗaya ba. Mutum yana jin nauyin wahalar yau fiye da amfanin da zai zo nan gaba. Kuɗin mashin, zaman layi da kukan yaro cikin dare duk na yau ne, ita kuwa cutar da aka kare yaron daga gare ta ba wanda zai taɓa ganinta. Saboda haka uwa ba ta cewa ta fasa, sai dai ta ce sai sati mai zuwa, kuma da gaske take yi duk lokacin da ta faɗa.

A 2011 Susan Michie da abokan aikinta a Landan sun tsara wani ma'auni mai sauƙin riƙewa: kafin mutum ya aikata abu, sai ya iya, sai ya samu dama, sai kuma yana so. Wayar da kai tana taɓa sani da so ne kawai. In matsalar ta dama ce, kamar izinin maigida ko nisa ko asibiti a rufe, ko an shekara ana shela ba za ta motsa ba.

Akwai wani tsohon gwaji da ya nuna wannan ƙarara. A 1965 Howard Leventhal ya raba wa ɗaliban Jami'ar Yale a Amurka takardu kan cutar tetanus, wasu masu ban tsoro ƙwarai, wasu masu sauƙi. Tsoron ya sa ɗalibai sun ce lallai za su je allura, amma bai kai su ba. Waɗanda aka ba taswirar makaranta an zagaye musu asibiti, aka ce su duba jadawalinsu su zaɓi lokacin zuwa, kusan kashi 28 cikin 100 sun je, sauran kuwa kusan kashi 3 ne. Kuma ɗaliban nan sun san inda asibitin yake tun da farko.

Ki fara da rajistarki

Kafin ki canza komai, ki san girman ramin da inda yake. Ki ɗauki adadin yaran da suka karɓi Penta ta farko (Penta ita ce allurar kariya daga cututtuka biyar da ake yi a sati 6, 10 da 14), ki cire waɗanda suka karɓi ta uku, ki raba da adadin na farkon, ki ninka da 100. A ce 200 suka fara, 150 suka kai ta uku, kin rasa kashi 25 ke nan. Abin da ya haura kashi 10 ana ɗaukarsa matsala. Ki sake irin wannan lissafi tsakanin Penta ta farko da ƙyanda. Sannan ki rarraba sunayen da suka ɓace unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye. Sau da yawa za ki tarar rabinsu daga wurare biyu ko uku suka fito, kuma wannan kaɗai ya gaya miki rabin labarin.

Daga nan ki zaɓi gida 20 zuwa 30 a bi su. Yadda za a yi tambayar shi ne komai. In kika ce "Me ya sa ba ki dawo da yaro ba?", za ta ce mantuwa ce ko tafiya ta yi, don ta rabu da ke lafiya. Ki tambaye ta labari: ranar da aka yi masa allurar nan, yaya ya kwana? Me babansa ya ce? Wa ya ba ki kuɗin mashin? Kin jima a layi? Wace rana aka ce ki dawo? Wannan ta ƙarshe tana tona asiri da yawa, domin mata da dama ba za su iya faɗar ranar ba. Kuma ya fi kyau wata daban ta yi tambayar, ba wadda ta yi allurar ba, don ba mai kushe mutum a gaban idonsa.

Wankan gida

Akwai wani kaso na yaran da rajista ke cewa sun ɓace alhali ba su ɓace ba. Mai haihuwar fari takan tafi gidan iyayenta wanka, sai bayan arba'in ta koma ɗakinta. Allurar sati 6 kwana 42 ne, wato daidai bakin komawarta. Sai ta karɓi allurar lamba (BCG) da Penta ta farko a Daura, ta koma gidan miji a Zango ko Baure ko Sandamu, wata ma ta tsallaka Nijar ta Kongolam. A wurinki ta zama wadda ta gudu, a can kuma ba wanda ya san da ita.

Gyaran tambaya ɗaya ce a ranar farko: "Nan ne ɗakinki ko wanka kika zo?" In wanka ta zo, ki rubuta mata sunan asibitin da ya fi kusa da gidan mijinta da ranar da suke rigakafi, ki gaya mata katin nan yana aiki a ko'ina, ba sai ta dawo wurinki ba. Da yawa suna zaton inda aka fara nan dole za a ƙarasa. In kina da lambar abokiyar aikinki ta can, ki tura mata sunan.

Arba'in ɗin kuma abin riƙewa ne mai kyau. Ba macen da ke manta ranar arba'in ɗinta, don haka "da kin yi arba'in ki kawo shi" ya fi "sati 6" zama a kai.

Daren farko da maigida

A abin da nake gani a aiki, nan ne aka fi rasa yara. Penta takan sa zazzaɓi da kumburin cinya na kwana ɗaya ko biyu. Ki duba abin ta idon maigida: an fita da yaronsa lafiya ƙalau, an dawo da shi yana kuka, an hana shi barci, da safe kuma an ce ya ba da kuɗin magani. Hukuncin da zai yanke a bayyane yake, kuma in kakar yaron tana gidan za ta mara masa baya. Uwar da kuka tara a taro ba ita ce mai yanke shawarar ba.

Zazzaɓin da aka faɗa tun kafin ya zo ba ya tayar da hankali kamar wanda ya zo ba zato. Kafin ki yi allurar, ba bayanta ba lokacin da yaro ke tsala ihu uwa ba ta jin komai, ki gaya mata abu uku: jikinsa zai iya yin zafi yau da gobe, cinyar za ta iya kumbura, wannan alama ce jiki ya karɓi allurar kuma zai wuce. Ki nuna mata abin yi: ta yawaita ba shi nono, ta rage masa kaya, ta ɗora tsumma mai tsabta mai sanyi a wurin, kada a gasa, kada a shafa komai. In za a ba da farasitamol, ke za ki auna gwargwadon nauyin yaron ki nuna mata a cokalin awo. Sannan ki faɗi abin da zai sa ta dawo da gaggawa: jijjiga, ƙin kama nono, kukan da ya ƙi tsayawa na sa'o'i, ko zazzaɓin da ya wuce kwana biyu. A ƙarshe ki ce ta maimaita miki, kuma ki ce ta gaya wa babansa da zarar ta isa gida, kafin dare. Duk wannan bai kai minti biyu ba.

Su mazan kuma a same su inda suke, a majalisa, a ƙofar masallaci bayan la'asar, a wurin suna. Kuma a roƙe su abu takamaimai. "Ku ba da haɗin kai" ba ya nufin komai. Abin da ake so shi ne maigida ya ba da izini sau ɗaya na dukan zuwan, ya ce duk ranar da kati ya nuna ta tafi ko ba ya gida. Wannan yana da muhimmanci a yankin da maza ke tafiya cin rani ko bin kasuwanni, inda mace za ta zauna da kati a hannu tana jiran wanda zai ce ta je.

Ranar dawowa

"Ki dawo bayan wata ɗaya" ba rana ba ce. Ki ce Talata ta huɗu daga yau, ki ƙirga mata da yatsu, ko ki ɗaura ranar da kasuwar da ta sani: kasuwa huɗu za ta ci, washegarin ta huɗun ki zo. Sannan ki yi mata tambayoyin da taswirar nan ta Yale ta yi wa ɗalibai: da wa za ki zo, a ƙafa ko a mashin, wa zai riƙe miki sauran yaran, kafin ɗora girki ko bayan an sauke? Mutumin da ya furta yadda zai yi abu da bakinsa ya fi kusa da aikata shi. In mata biyu daga layi ɗaya suka zo rana ɗaya, ki haɗa su ki ce su biyo wa juna.

Ƙyanda ta fi wuya saboda tazara. Daga sati 14 zuwa wata 9 akwai fiye da wata biyar, kuma a lokacin yaro ya yi ƙwari, uwa ta ga kamar an gama. Kada ki bari ta fita daga allurar sati 14 da tunanin an kammala. Ki nuna mata gurbin da ya rage a kati. Ki yi amfani da bitamin A na wata 6 ya zama zango a tsakiya. Ki faɗi watan dawowa da lissafin da take amfani da shi, watan Azumi ko bayan Babbar Sallah ko watan Takutaha, ki rubuta shi kusa da kwanan watan boko. A zuwan wata 9 kuma ki tuna mata akwai ƙyanda ta biyu a wata 15, wadda ita ce aka fi mantawa, har a cikinmu ma'aikata.

Don kada nauyin tunawa ya zauna a kan uwa ita kaɗai, ki samu kwali ki raba shi gida 12, kowane wata da gidansa. Kowane yaro ki yi masa 'yar takarda mai sunansa, sunan mahaifi, unguwa, mai unguwa, lambar waya da allurar da ta rage, ki saka a watan da zai dawo. In ya zo, ki matsar da takardar gaba. Abin da ya rage a ƙarshen sati su ne za a bi, kuma a bi su cikin satin, ba bayan wata uku ba. Ki ba matan sa-kai masu shiga gida-gida sunaye biyar-biyar, kada ki ba su dogon jeri. Lambar wayar galibi ta maigida ce, kuma saƙon rubutu ba kowa ke karantawa ba, don haka kira na rabin minti da yammacin jajibirin ranar ya fi, kuma ya kai ga mai ba da izinin kai tsaye.

Shingen da mu muke ginawa

Ilimin halayya bai tsaya kan iyaye ba, ya haɗa da mu. Allurar ƙyanda tana zuwa a kwalba mai ɗaukar yara 10, kuma in an haɗa ta sai a zubar da ragowar bayan awa 6 ko a ƙarshen zaman. Ma'aikaciya tana tsoron a ce ta yi ɓarna, sai ta ce wa uwa ta dawo ranar da yara suka taru. Matar da ta biya kuɗin mashin ta nemi izini aka mayar da ita hannu rabbana, da wuya ta sake zuwa. Ƙa'ida ita ce a buɗe kwalba ko don yaro ɗaya. Amma faɗar ƙa'ida ba ta isa, sai mai duba aikinki ya daina yi miki faɗa kan ragowar da aka zubar, don haka ki tattauna da shi a fili.

Haka nan wadda ta makara. In aka tarbe ta da "Sai yanzu kika ga dama?" a gaban mata, an koya wa duk layin cewa in ka makara gara ka yi zamanka. A ce mata sannu da zuwa, a ci gaba daga inda aka tsaya, domin ba a sake farawa daga farko komai tsawon jinkirin, illa dai a bar aƙalla sati 4 tsakanin Penta da Penta. Wadda ta ɓatar da kati a duba rajista a yi mata sabo. Mura, ɗan tari ko gudawa mara tsanani ba sa hana allura. Kuma duk yaron da aka kawo asibiti don wani ciwon a duba katinsa kafin ya fita.

Sai lokaci. In an ce ƙarfe 8 amma sai 10 ake fara aiki saboda jiran akwatin sanyi, ki faɗi gaskiyar lokacin. In ranar rigakafinki ta faɗo ranar kasuwar yankin, ki duba ko hakan na kawo mata ko yana ɗauke su, domin duka biyun suna faruwa, ya danganta da inda asibitin yake.

Batun kyauta

A gundumar Udaipur ta Indiya, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu sun yi gwajin da aka buga a 2010. A ƙauyukan da ba a taɓa komai ba, kashi 6 na yara ne suka kammala rigakafi. Inda aka tabbatar ma'aikaci na zuwa kowane wata ba fashi, ya kai kashi 18. Inda aka ƙara da kilo ɗaya na wani irin wake a kowane zuwa da faranti in an kammala, ya kai kashi 39. Darasi biyu ne a nan. Zuwan ma'aikaci a kan lokaci kaɗai ya ninka adadin sau uku. Sannan kilon wake ba zai sayi wanda ke ganin allura cutarwa ce ba, abin da ya yi shi ne ya ba mai jinkiri dalilin zuwa yau. A nan gida ma, shirin New Incentives da ke ba iyaye 'yan kuɗi a wurin rigakafi an gwada shi a Katsina, Jigawa da Zamfara, an kuma ga ƙaruwar yaran da ake kawowa.

Amma ban ba ki shawarar ki fara rabon sabulu daga aljihunki ba. Kyautar da aka fara aka yanke takan bar mutane da jin an ci musu haƙƙi, wasu kuma su fara tambayar me ya sa ake biyansu in abin na alheri ne. Akwai abin da ba ya cin kuɗi: shaida a bayyane ga wanda ya kammala, kamar tambari a kati ko sanar wa mai unguwa sunayen gidajen da suka cika.

Yadda ake shela

Ki saurari abin da mai shela da liman suke faɗa. In suna cewa mata sun ƙi kawo yara, asibiti ya koka, to suna sanar da kowa cewa rashin zuwa shi ne abin da jama'a ke yi, mutum kuwa yana bin abin da ya ga tsararsa na yi. A faɗi adadin gaskiya na waɗanda suka zo: a unguwar nan gida kaza sun kammala a watan jiya. Kada a ƙara ko ɗaya, don ranar da aka gane ƙari an gama yarda da ke. Kuma kowace shela ta ƙare da rana, wuri da lokaci.

Masu ƙi na gaskiya suna nan, kuma nasu aikin daban ne. Shakkunsu na da tarihi: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996, da dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Abin da ya juya lamarin shan inna har aka tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar ta daji daga Afirka a 2020 ya haɗa da shigowar sarakuna da malamai. Irin waɗannan gidaje na mai unguwa ne da liman da ungozoma, a zauna da maigida a zaure, ba a taro ba. Ɓarkewar mashaƙo a 2023, wadda ta taɓa Katsina sosai, abu ne da mutane suka gani da idonsu, kuma Penta ce ke kare yaro daga ita, don haka ana iya ambatonta ba tare da tsoratarwa ba.

Awo da iyaka

Kada ki canza abu biyar a lokaci ɗaya, don ba za ki san wanne ya yi aiki ba. Ki zaɓi ɗaya ko biyu da suka dace da abin da kika ji a gidajen nan. Ki bi yaran da suka fara a wata ɗaya har wata uku, ki kwatanta da waɗanda suka fara a irin wannan watan bara, domin damina da kaka suna canza zuwan mata ko ba ki yi komai ba. A ƙaramin asibiti adadin yana hawa yana sauka, don haka wata ɗaya mai kyau ba hujja ba ce.

Waɗannan dabaru kuma suna aiki ne inda akwai allurar. In firij ya lalace, ko allura ta yanke, ko ke kaɗai ce ke awo da karɓar haihuwa da rigakafi, ko hanya ba ta biyuwa saboda tsaro kamar yadda wasu ƙananan hukumomin jihar ke fama, tunatar da uwa ta zo zai iya ƙara ɓata lamarin, domin za ta zo ta tarar babu. Alƙaluman Indiya da Amurka ma ba alkawari ba ne cewa haka za a samu a Mai'aduwa. In binciken gidajen ya nuna nisa ne ko yankewar kaya, ki tattara sunayen ƙauyukan da adadin yaran da aka rasa a kowanne, ki kai wa jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma da kwamitin lafiya na mazaɓa, ki nemi a sa ƙauyukan cikin jadawalin fita rigakafi ƙauyuka, da tsayayyar rana a kowane wata.